Goyo a Kan Roba-roba

Ni dai ban taɓa sa wa raina zan tuƙa mashin ba. Tun da aka kawo ni gidan Malam a unguwar Gangaren Tudu, nan Keffi, wurina a kan babur sananne ne: baya, zaman karkace, ƙafafu biyu a gefe guda, jaka a kan cinya. Kullum da safe shi ke sauke ni a firamaren da nake koyarwa, can bayan gari ta hanyar Akwanga, sannan ya juyo ya wuce ofishinsu. Babur ɗinsa irin manyan nan ne masu kuloci, mai ƙara kamar injin markaɗe, kuma yana ji da shi ba kaɗan ba. In na ce ya rage gudu sai ya ce mai zaman baya ba ta da baki a harkar tuƙi. Ni kuwa bakina ba ya mutuwa, don haka a wannan musun muka manyanta, muka aurar da 'ya, muka fara furfura.

Sai hawan jini ya kayar da shi wata safiya yana alwala. Muka yi zaman asibiti, aka sallamo mana shi ɓarin hagu a shanye: hannu kamar ba nasa ba, ƙafa sai ja, baki ya ɗan karkace, magana tana fita da ƙyar. Likita ya ce akwai sauran fata, in dai za a riƙa kawo shi gashi, wato motsa gaɓoɓin nan da ake yi wa masu irin larurarsa. Ya kuma ja mini kunne kada a yi wasa da zuwa, don jiki in ya riga ya sandare ba ya dawowa.

Matsalar ita ce keke ba ya shiga lungunmu. Duk ranar zuwa sai an nemo maza sun cicciɓe shi daga ɗaki zuwa bakin titi, maƙwabta a tsaitsaye ana ta sannu, wata tsohuwa har da share hawaye da bakin mayafi sai ka ce gawa aka fito da ita. Malam kuwa mutum ne mai son girmansa, ko ciwon kai ba ya yarda a sani. Ba a yi nisa ba ya ce ya gama, ba wanda zai sake ɗaukarsa kamar kayan wanki. Ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya. Yana da majalisa a Yara, unguwar da aka haife shi, a ƙofar shagon wani tela ɗan kawunsa, inda da can ba ya fashin zama. 'Yan majalisar suka yi ta sintiri, shi kuma ya ce in ce musu barci yake yi. Na yi ta shara musu ƙarya har suka gane, suka koma aiko da gaisuwa.

Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira 'yarmu daga Lafiya ta zo ta yi kukanta, duk ya yi kunnen uwar shegu da mu. Ba mutuwa nake ji masa tsoro ba, wannan ta Allah ce. Tsorona shi ne jikin ya sandare a kan katifa kamar yadda likita ya faɗa, mutumin da bai iya zama wuri ɗaya ba ya ƙare rayuwarsa yana kallon bango. Kullum in na zo goge masa jiki sai in ga yatsun hagun sun ƙara dunƙulewa.

Ga kuma aiki, wanda yanzu shi ne ke riƙe da gidan. Na koma bin 'yan acaba, yau in samu, gobe a ce hanyar makarantarmu ta yi taɓo ba za a je ba. Akwai wata abokiyar aikina, 'yar ƙabilar Mada ce, Kirista, da ke zuwa a kan ƙaramin mashin ɗin nan da ake kira roba-roba saboda jikinsa duk roba ne. Wata rana bayan an tashi ta tarar da ni a bakin hanya rana tana dukana, ta tsaya ta ce da Hausarta da ba ta raba mace da namiji:

"Malama, ka sayi irin wannan ka huta. Ba ya shan mai, ba ya ba da wahala. Ni ma da tsoro na fara."

Ta goya ni har bakin lungunmu. A hanya take gaya mini cewa ko ya samu matsala, duk bakaniken da ke gindin bishiya ya san kansa, kayan gyaransa kuma ko'ina akwai. Na sauka ina jin kamar zan iya.

Hanyar saye ɗaya ce, a sayar da babur ɗin Malam da ke jingine a zaure, tayar baya har ta sace. Na daɗe ina juya maganar kafin na iya faɗa masa. Sai kawai ya ce makullin yana aljihun rigar da ke rataye. Na fita na shiga kicin na yi kuka, don so na yi ya yi faɗa da ni, ya ce wa ya isa ya taɓa masa babur. Wannan saurin yarda tasa ta fi komai tsorata ni.

Ƙanena mai kasuwanci a Mararaba ya zo ya tura babban ya fita da shi, ya dawo mini da roba-roba na hannu, ja, ya ɗan koɗe amma inji lafiya lau. Ƙarami ne marar nauyi, tsakiyarsa a buɗe yadda mace za ta zura ƙafa da zaninta ba tare da ta ɗaga ba. Ana danna maɓalli ya tashi, in batir ya yi sanyi a buga kik da ƙafa. Giya a ƙafar hagu, birki a ƙafar dama, wuta a hannun dama tare da ɗan ƙarfen birkin gaba. Ƙanena ya nuna mini duk wannan a tsaye, a gurguje, ya ce ai Yaya wannan ko a barci za ki iya, ya kama hanya don kada cunkoso ya rutsa da shi.

Tsakar gidanmu doguwa ce, daga rijiya har ƙofar zaure, tagar ɗakin Malam kuma tana kallonta. A nan na fara koyo, don ban shirya zama abin kallon unguwa ba. Na yi bisimilla, na murɗa wuta fiye da ƙima, na taka giya. Mashin ya zabura ya nufi randunan ruwa. Sai na ji murya daga taga, da ƙarfi, irin wadda rabona da ji tun kafin ciwo:

"Kuloci! Kama kuloci!"

Duk musun da nake yi da shi, na san a harkar babur shi ne masani, don haka ban tsaya tunani ba. Na damƙe ƙarfen da hannuna ya samu, ashe birkin gaba ne. Mashin ya tsaya cak, ni ban tsaya ba. Na tsinci kaina a ƙasa, shi a kan ƙafata, salansa tana gasa mini ƙwauri, kaji sun watse kowacce ta kama gabanta.

Ina fama in zare ƙafa sai na ga inuwa a kaina. Malam ne. Ya dafo bango ya fito, ba hula, ba sanda, yana jan ƙafa yana haki. Tun da ya ce ya gama da asibiti bai taka tsakar gidan nan ba, ko ruwan alwala ɗaki nake kai masa. Maimakon in yi murna, zafin ƙuna ya sa na rufe shi da faɗa daga nan kwance. Na ce wane kulocin, a ina ya ga kuloci, mashin ɗin da ba shi da kuloci zai sa in kashe kaina a banza.

Ya tsaya yana kallon hannun mashin na hagu, fayau, ba ƙarfe ba komai. Sai kafaɗarsa ta fara rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce take fita ta gefen baki ɗaya.

"Na manta," ya ce. "Na mata ne."

Ya sa hannunsa mai lafiya ya kama kariya, ƙarfen ɗora kaya na baya, ya ja, na zare ƙafata. Tabon ƙunar yana nan har yau, kuma ban taɓa jin haushinsa ba.

Daga ranar, kullum bayan la'asar sai ya ce in fitar masa da kujera. Ya ce ba zai zauna a ɗaki yana jin ana azabtar da inji ba. Da kunne yake koya mini, ido a lumshe: saki wuta kafin ki taka giya, kin shaƙe shi, ƙara masa, birkin ƙafa ake fara takawa. In na yi daidai ba ya yabo, shiru kawai yake yi, shirun nan kuwa nake nema. Da farko raina mashin ɗin yake yi, yana ce masa abin wasan yara. Daga baya na ji shi yana cewa injin yana da tsabtar murya. Ya koya mini duba baƙin mai da taɓa sarƙa in ji ko ta saki. Da hannuna ya fara faɗawa, ya sa na ɗaure buhun masara a baya ina zagaya rijiya da shi, wai mai mashin dole wata rana ya ɗauki kaya. Na zubar da buhun ba sau ɗaya ba, shi kuma yana daga kujera yana yi wa buhun jaje.

Na fara fita unguwa, daga nan na fara zuwa makaranta. An kalle ni, ba zan ce ba a kalla ba. Mace mai shekaruna da hijabi har ƙasa a kan mashin ba abin da aka saba gani ba ne a lungunmu, ko da yake 'yan jami'a da ma'aikatan jinya sun daɗe suna hawa. 'Yan acaba suna wuce ni suna cewa Hajiya a hankali, ina ce musu su ji da nasu. Mashin ɗin bai taɓa ba ni kunya ba. Ko ruwa ya kwana yana dukansa, da safe bugu ɗaya yake tashi, taɓon hanyar makaranta kuma yana ratsa shi a giya ta biyu ba gardama. Mai kuwa sai in manta rabona da gidan mai.

Amma Malam daga ɗaki sai tsakar gida, zaure ma bai leƙa ba. Wata yamma ina goge mashin ya matso, ya ɗauki hannunsa na hagu da na dama ya aza shi a kan hannun mashin. Yatsun suka ƙi buɗewa, hannun ya zame ya faɗo. Ya ce a wannan mashin hagu ba shi da aiki sai riƙo, nasa kuwa ko riƙon ba ya yi. Na ga ƙofa ta buɗe, na shiga.

"Malam, mashin ɗin nan yana zuwa har bakin ɗakinka. Ba mai cicciɓarka, ba mai yi maka sannu. Ni zan goya ka zuwa gashi."

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce a Keffin nan da kowa ya san shi, mace ta ɗauko shi a baya tana ratsa gari da shi? Zuciya ta ciyo ni. Na ce shekara da shekaru yana goya ni ina zaune a karkace ban taɓa cewa girmana ya zube ba. Na ce girman da yake tattali shi ne ya ajiye shi a ɗaki ana kai masa fo. Maganar ta yi zafi, na sani, amma ban janye ta ba. Ya tashi ya shige ɗaki, tuwon dare ma da guntunsa ya dawo.

Washegari ina shirin fita ya kira ni. Bai kalle ni ba, hannun yake kallo.

"Da me zan riƙe?" ya ce a hankali. "Rami ɗaya za ki faɗa, sai ƙasa."

Na gane ya yarda ke nan, saura dabara. Na yi ta tunani a aji har yara suka lura hankalina ba ya wurinsu. Da na dawo na buɗe akwati, can ƙasa na zaro zanin goyon da na goyi 'ya'yanmu da shi, saƙi ne mai ƙarfi, mai ratsin baƙi da fari, na uwata. A Hausa kalmar ɗaya ce, wanda aka ɗauka a bayan mashin da jaririn da aka ɗaure a baya duk goyo ne, amma ban taɓa lura ba sai ranar. Na nuna masa. Ya daɗe yana kallon zanin kafin ya ce a ƙarƙashin riga za a sa, kada kowa ya gani.

Haka muka yi. In kawo mashin bakin ɗaki, in taimaka masa ya ɗaga ƙafar hagu ya hau, in ninka zanin a tsaye in zagayo da shi ta bayansa a ƙarƙashin babbar riga, in hau, in ɗaure a ƙirjina cikin hijabi, ɗauri biyu kamar yadda ake yi wa yaro mai ƙiriniya. Ya sa aka nemo masa hular kwano mai gilashi. Mutumin da duk tuƙinsa bai taɓa yarda da ita ba, yanzu ba ya fita sai da ita, ba kuma don tsoron faɗuwa ba. Da sassafe muke fita, ta lunguna, in yi fakin a bayan asibiti jikin katanga inda ba kowa, in kwance shi a can. Shugaban makarantarmu ya ba ni izinin zuwa a makare a ranakun gashi.

Fitar farko muka kama hanya a hankali. Malam ya fi buhun masara nauyi, kuma ya fi shi baki. A kunnena yake tuƙi: rage, ga rami, kin makara da giya. Na ce masa mai zaman baya ba shi da baki a harkar tuƙi. Sai na ji ƙirjinsa yana girgiza a bayana don dariya. A duk zamanmu ban taɓa kusantarsa haka a gaban jama'a ba. Da can ko rigarsa ba na kamawa a hanya, ƙarfen kariya nake riƙewa saboda kunya. Yanzu ga numfashinsa a wuyana, ga bugun zuciyarsa ina ji a gadon bayana, muna wuce masu shara da masu ƙosai. Na ji tausayinsa, na kuma ji daɗi, ban san wanne ya fi yawa ba.

Ƙafar ce ta fara amsawa. Ya koma tafiya da sanda, daga baya cikin gida ko sandar ba ya nema. Hannun har yau bai koma yadda yake ba, amma yatsun sun buɗe, yana riƙe kofi. Magana ma ta ɗan saki, sai dai a jira shi. Duk da haka daga gida sai asibiti, daga asibiti sai gida, fuska a cikin kwano. Na ƙyale shi, don na ga jikin yana dawowa, na ce sauran ma Allah zai kawo.

Wata ranar gashi, damina ta ja baya, mun fito hantsi ya ɗaga. Ina shirin karya kwanar gida sai ya ce a kunnena:

"Bi ta Yara."

Na rage wuta, na ce me ya ce. Ya maimaita. Na tuna masa cewa a ɗaure fa yake, kuma can babu bayan katanga. Ya ce ya sani.

Majalisar ba ta rabuwa da mutane, musamman 'yan fansho. Suna kan benci ana musun siyasa, telan yana daga ciki yana taka keke. Na tsaya daidai gabansu na kashe inji. Suka bi mu da kallo, ba su gane ko su wane ne ba, har Malam ya sa hannun dama ya cire hular kwanon. Musu ya tsaya, keken ɗinki ya tsaya. Suka mimmiƙe, wani yana salati a hankali.

To ga shi ba ya sauka sai na kwance shi. Na sa hannu cikin hijabi na kama ƙullin, na kasa ja. Telan ya fito, ya hango bakin zanin ta gefen riga, ya gane. Ya matso ya buɗe hannun rigarsa zai kare mu daga idon mutane.

"Matsa," in ji Malam. "Bar su su gani."

Na kwance. Zanin ya sulalo ta ƙarƙashin babbar rigar, ratsin baƙi da fari, babu wanda bai san na mene ne ba, kowa a cikinsu an goye shi da irinsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ba don kaina ba, don shi. Sai telan, da yake abokin wasansa ne, ya gyara hula ya dube ni ya ce:

"To, uwar goyo, yaushe za a yaye mana shi?"

Malam ya buɗe baki, maganar ta tsaya masa. Ba wanda ya tari numfashinsa, duk suka jira. Ya sake ɗaukowa, kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Sai an yi mini ƙani."

Majalisa ta fashe. Wani dattijo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, wani ya juya baya yana goge ido da hula. Ni kuwa na ja hijabi na rufe fuska, tsofai-tsofai da ni. Telan ya miƙa masa hannu, ya kama, ya sauko da kansa, ya taka har benci. Suka matsa masa wurinsa na da, kusa da ƙofar shago. Kafin in ninke zanin har an jawo shi cikin musun da muka katse, ana tambayarsa shi me ya gani.

Ina tsaye ban san abin yi ba, ya ɗago ya ce, "Malama, je ki, kin makara. Ki dawo bayan la'asar. Kada ki manta da zanin."

Na cusa zanin a jaka na tayar da mashin. Sai na ji shi sakayau, kamar ba kowa a kai. Bayana a jiƙe yake da guminsa, iska tana bugawa ina jin sanyi daidai wurin da ƙirjinsa yake zama. Farin cikin da na yi ranar rabona da irinsa tun haihuwar fari, ga kuma kewarsa ta kama ni tun ban fita daga Yara ba. Da na hau babban titi hanya ta fara yi mini dishi-dishi. Na gangara gefe na tsaya, na share idona da bakin hijabi har na ga gabana sosai, sannan na saki wuta na taka giya.